Wurin da Kaka Take Sharewa

Jiya da hantsi maƙwabcina ya sa aka rushe tsohon ɗakin uwarsa, wai zai yi na siminti. Ina zaune a zaure sai na ji yaran gidan suna faskara azarorin da aka cire daga rufin, za a yi itacen girki da su. Idan kai ba mutumin Gaya ba ne, mai karatu, da wuya ka san ƙarar gatari a jikin giginya. Gatarin kan dira ya dawo wa mai shi, sai ya yi tsaki, ya tofa yawu a hannu, ya sake. Na kashe rediyo na saurare su har suka gaji. Rabona da jin wannan ƙarar ta daɗe haka tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, shekarar da muka sare giginyoyin tungarmu, kuma ba shekara ce da nake son tunawa ba.

Mu mutanen bakin gulbi ne tun asali. Kakana na wajen uba, wanda duk gida ake kira Tsoho, yana da tunga a ƙasa da gari, daidai inda gulbi ya yi wata babbar lanƙwasa. Tungar ba wani abin a zo a gani ba ce: 'yan bukkoki, gonar shinkafa, jirgin kamun kifi ɗaya, sai jerin giginyoyi a kan gaɓa waɗanda uban Tsoho ya shuka. Babana bai gaji su ba. Fatauci ya kama, yana kai da komo da goro tsakanin Dahome da ƙasar Ingilishi, har ya gina gida a cikin gari ya kwashe mu. Ƙanensa, Baffa, shi ya ci gaba da noman gonar.

Tsoho ya rasu ban gama wayo ba. Kafin ya cika ya ce a binne shi a tungar, inda aka binne cibiyarsa. An ce da ƙarfinsa ya sa aka riƙa shi ya fita, ya nuna wurin da sandarsa, sannan ya ja wani layi a gefe, ta wajen tudu, ya ce wannan a bar wa uwar yara, wato Kaka. Ba wanda ya taɓa jin ya faɗa mata wata magana mai daɗi a gaban mutane, wannan layin shi ne duk abin da aka gani. Ita kuwa ya ishe ta.

Kaka 'yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya, bakinta kullum da taba. Dandanci ne harshenta, Hausarta ta kasuwa ce, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce wa gulbi gulbi ba, Isa take ce masa. Ni take kira mijinta marar gona, ni kuma in ce na sake ta tun bara. Ranar Alhamis ba a lakwal a zamanin, don haka ni nake raka ta tunga. Takan ɗauki tsintsiya ɗaya da ɗan ƙoƙon fura. In mun isa sai ta yi wa Tsoho addu'a daga nesa, ta gyara ƙayar da aka rufe kabarin da ita, sannan ta duƙa ta share wancan filin da ba kowa a cikinsa. Ba ta barin ko tsinke. Na taɓa tambayarta me ya sa take wahala a kan wurin da ba komai, sai ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake cin tuwo.

"Nashi ɗaki an riga an ruhe," ta ce. "Nawa ne ba ni son in iske da shara."

Lakwal ba da son ran kowa na shige ta ba. Gardin kumandan, dogarin Baturen mulki, shi ne ya zo ya ce kowane gida sai ya ba da yaro, Baba ya duba 'ya'yansa ya zaɓi wanda in an aike shi da goro yake dawowa da labari. Malaminmu, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran duk malamin lakwal, mutumin bakin teku ne daga Dahome, siriri, mai tari. Yana da wata ƙwallo mai zanen duniya wadda ta lotsa ta gefe guda, yana ji da ita fiye da takalminsa. Lissafi da Faransanci da bulala yake koyar da su, amma ranar da ya ɗauko ƙwallon nan sai ya zama wani mutum, har ya manta da bulalar a kan tebur.

A wurinsa na fara jin cewa ƙasar da muke takawa dunƙule take, tana juyawa, juyawar nan ce dare da rana. Ya ce turɓayar da muke nomawa ɗan ɓawo ce kawai, a ƙarƙashinta dutse ne, in ka ci gaba da nutsawa zafi yana ƙaruwa har ka kai inda dutse yake narkewa, kuma a wasu ƙasashe akwai tsaunukan da ke amayo wannan wutar. Ya ce ruwan duniya ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, zagaye yake yi. Rana ta ɗebe shi daga teku, iskar kudu ta turo shi hadari, ya zuba, wani ya nutse ya zama ruwan rijiya, wani ya gangara gulbi, gulbi ya mayar da shi inda aka ɗebo shi.

Duk abin da na kwaso a lakwal, Kaka nake juye wa a hanyar tunga, don ita kaɗai ce a gidan take sauraro. Sauraron kuwa da gardama ne. Da na ce duniya tana juyawa, ta ce to me ya hana ƙofar ɗakinta ta waiwaya yamma ko sau ɗaya. Da na ce akwai wuta a ƙarƙashinmu, ta ce in je in tambayi Mushe me ya sa ruwan rijiya ya fi na randa sanyi. Na je na tambaya, ya yi dariya har tarinsa ya tashi, ya ce rijiya ko ƙarzunar farce ba ta kai ba a jikin duniya. Na kawo mata amsa, ta ce mutumin nan yana da baki. Maganar ruwa ce kawai ba ta musa ba. Muna tafiya, can ta tambaye ni ko kenan ruwan da ta wanke wa Tsoho riga da shi tana amarya yana iya dawowa ya zuba a kan gonar Baffa. Na ce Mushe ya ce haka ne. Ta ce wannan kam ta yarda, ya yi kama da aikin Allah, ba ya zubar da komai.

Gulbinmu sau biyu yake cika a shekara. Da damina akwai farin ruwa, mai laka kamar kunu, mai hayaniya, yana tafe da itatuwa da mushen dabbobi. Wannan kowa ya san daga ina yake, ruwan samanmu ne. Amma bayan an gama girbi, sama ta bushe ƙaƙas, ba ko ɗigon hadari, sai gulbi ya sake tasowa a hankali, ruwan garai-garai, mai duhu, ba ƙara. Shi ne baƙin ruwa. Tsofaffi suna da maganganu iri-iri a kansa. Mushe ya nuna mana a jikin ƙwallonsa cewa ruwan saman wata ƙasa ne mai nisa, Gine, inda gulbin ya faro daga tsaunuka. Sai ya nufi arewa har bakin hamada, ya bazu cikin fadamu masu faɗi, ya sauke lakarsa a can, ya yi watanni yana jan jiki kafin ya iso mana. Wato daminar wasu ce take zuwa mana da rani.

Shi ne kuma ya zana mana lanƙwasar gulbi a allo. Ya ce ta bayan lanƙwasa ruwa gudu yake yi, yana cin gaɓa, ta cikinta kuwa yana lafawa, yana ajiye yashi. Ya ce gulbi ba ya zama wuri ɗaya, yana matsawa, ba don yana fushi da kowa ba. Yara suna ta kwafe zanen, ni kuwa na gane wurin. Tungarmu a bayan lanƙwasa take.

Ba sai an faɗa wa mutanen gidanmu ba. Shekarun nan ruwa ya yi yawa, gulbi ya cinye rabin gonar Baffa, ya cinye hanyar da mata suke bi zuwa wanki, ya ɗauki bukkar da aka haifi Baba a ciki. Da can daga kabarin Tsoho sai ka ɗaga murya kafin mai jirgi ya ji ka. Yanzu kana tsaye a wurin kana jin kifi yana fantsala ruwa. Abin da ya rage tsakanin Tsoho da gulbi shi ne jerin giginyoyin nan da kurmin giyayya da ciyawar burugu a gindin gaɓa. Kaka ta daina gardama a hanya. In mun isa, kafin ta taɓa tsintsiya sai ta je bakin gaɓa ta leƙa, sannan ta dawo.

Da bazara, gulbi ya janye, Baba ya tara mutane a zaurenmu, da Baffa da limamin unguwa. Liman mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce shari'a ta yarda a tone kabari a mayar da mamaci wani wuri idan ruwa zai ci shi, a kai Tsoho maƙabartar gari a kan tudu, in lokacin Kaka ya yi a sa ta kusa da shi. Kowa ya ga maganar ta yi. Aka aika ciki aka faɗa wa Kaka, sai ga ta da kanta a ƙofar zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mutumin da ko barcin rana ba a tada shi," ta ce, "shi za ku tona ku kwasa cikin tabarma, yara na kallo? Shi ya zaɓi wurinshi. Ku da kunka iya kai goro har ƙasar Ingilishi, ku tare mani ruwa."

Aka kai ruwa rana, ta kafe. Daga ƙarshe Baffa ne ya kawo shawarar da kowa ya yaba. Duk ɗan Gaya ya san azarar giginya ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta, ruwa ba ya yi mata komai, tana ganin jikan wanda ya sare ta. To ga giginyoyi a tsaye a bakin gaɓar, ba sai an ɗauko daga nesa ba. A sare su, a tsaga, a kafa shinge mai ƙarfi a gindin gaɓa, a cika bayansa da ƙasa da duwatsu. Na kai wa Mushe labari, shi ma ya ce dabara ce mai kyau, haka ya ga ana yi a bakin tekun garinsu. Baba ya yi ta zarya wurin masu tsaron daji har aka ba shi izini.

Giginyoyin nan na Kaka ne. Daga 'ya'yansu take shuka muruci, ta dafa ta aza mini a kai in kai bakin mashigar jirgi, da shi take sayen tabarta ba ta roƙi kowa ba. Ta ce a sare mazan kawai, su ne ma suka fi ƙarfin itace, a bar matan masu 'ya'ya. Aka yi gayya. Samarin tungayen da ke kusa suka zo da gatura, mai kalangu yana zuga su, mata suna dama fura a manyan ƙore. Kwana da kwanaki ba ka jin komai sai saran nan da ke dawowa, da ƙarar faɗuwar giginya, wadda sai ka ji ta a tafin ƙafarka kafin ka ji ta a kunne. Don a sami wurin kafa turaku aka share giyayyar nan da burugun ƙaf, aka ƙone. Shinge ya kai rabi, mazan suka ƙare. Baffa ya zo ya tsuguna gaban Kaka. Ta dubi sauran itatuwan, ta tofar da tabar bakinta, ta ce a gama aikin.

Da na girma na yi aikin auna ruwan gulbin nan shekara da shekaru, ina bin gaɓoɓi da ma'auni, kuma a can na san abin da ba wanda ya sani a cikinmu ranar nan, har Mushe. Saiwar itace mai rai ita ce ɗinkin da ke riƙe da gaɓa. Ciyawa da giyayya su ne suke rage wa ruwa gudu kafin ya taɓa ƙasa. Abin da ya tsare Tsoho duk shekarun nan shi muka sare da hannunmu, da kiɗa da fura, muka kafa gawarsa a ruwa muna murna. Ba wawaye ba ne mutanen nan. Sun san giginya fiye da kowa, sai dai a rufin ɗaki suka san ta.

Farin ruwa ya zo ya daki shingen, bai motsa ba. Baƙin ruwa ya zo ya wuce, yana nan. Kaka ta yi sadakar masa har unguwa uku suka ci. Gardamarta ta dawo, ta ce in gaya wa Mushe ga gulbin da ya ce ba ya zama an zaunar da shi. Masu jirage suna nuna wa baƙi shingen in sun zo wucewa, wasu tungaye har suka fara shirin yin irinsa. Ban taɓa ganin Kaka cikin walwala irin ta shekarar nan ba. Wurin ya zama fili fetal, ba inuwa, rana tana dukanta tana shara tana 'yar waƙarta da Dandanci. A ƙarƙashin ƙafarta saiwoyin suna ruɓewa.

A shekara ta biyu baƙin ruwa ya cika fiye da yadda aka saba, ya daɗe bai sauka ba. Ya sami hanya ta saman shingen, inda ya ƙare, ya shiga bayansa yana juyawa a hankali. Azarorin suna tsaye ƙyam yadda aka kafa su, ko ɗaya ba ta ruɓe ba, don haka duk mai duba shingen sai ya ce lafiya lau. Mu farin ruwa muke tsoro, mai hayaniya. Ba mu san gaɓa ba ta cika faɗuwa lokacin da ruwa ya cika ba. Tana shan ruwa ta yi nauyi, gulbin da kansa yana tokare da ita, ranar da ya janye sai ta rasa abin jingina.

Wata Alhamis ce, da hantsi, ruwa ya fara sauka. Mun iso muka tarar da tsaga a ƙasa, siririya, ta bi ta tsakanin kabarin da filin Kaka kamar an ja ta da wuƙa. Na ce mu koma mu kira Baffa. Ba ta ji ni ba, ta ajiye ƙoƙon fura tana kallon tsagar. Ina riƙe da hannunta ina ja, sai muka ji wani nishi daga cikin ƙasa, tsagar ta buɗe, gaɓar ta zauna a hankali, ta karkata, ta rufta. Ba wata babbar ƙara. Ruwa ya yi tsalle ya koma, ya yi jawur na ɗan lokaci, ƙayar da ke kan kabarin ta taso tana juyawa, ta bi ta ƙarshen shinge ta fita. Filin Kaka yana nan, a share tun makon jiya, da sawun tsintsiya a kai. Gefensa babu komai sai iska da ruwa.

Na yi ta ihu har mutane suka zo. Maza suka shiga jirage da taru da gora, masu nutso suka yi ta nutso har la'asar, ba a sami komai ba. Duk wannan Kaka tana zaune a ƙasa, ƙafafunta a miƙe, ba ta yi kuka ba, ni ne na yi mata. Da jama'a suka ragu sai ta kira ni, ba da sunan wasan da ta saba ba.

"Ɗan lakwal, ina Isa ke kai abin da yad ɗauka?"

Na faɗa mata abin da na sani, ina shessheka. Wani yakan sauke shi a tsibirin yashi da ke gaba, sauran ya wuce da shi ta ƙasar Ingilishi har teku, ya kwanta a can, wani ya zo ya kwanta a kansa, bayan zamanin da ba mai iya ƙirgawa ya zama dutse. Ta saurara har na gama.

"Mutumin da ko Yawuri bai taɓa zuwa ba," ta ce. Ta miƙe, ta ɗauki tsintsiyarta, muka koma gida.

Bayan 'yan kwanaki ta kira Baba ɗakinta, ina wurin ina murza mata taba da kanwa. Ta ce abu ɗaya take so. Filinta yana nan, in ta mutu a sa ta a ciki yadda aka yi alkawari. Ta san Isa zai zo ya ɗauke ta, shi ma take so, ta bi hanyar da ya bi. Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce ba zai iya ɗaukar uwarsa ya ajiye inda ya san ruwa zai ci ta ba, liman ba zai yi salla a kan haka ba, garin nan ba zai daina zaginsa ba har jikokinsa. Na ga hawaye yana bin gemunsa.

"Inna, roƙe ni wani abu daban."

"Ba ni da wani abu daban," ta ce.

Liman ya zo ya yi mata nasiha mai kyau, cewa mamaci ba a wurin kabarinsa yake jiran nasa ba, Allah da ya tara ƙasa ya yi mutum ba zai kasa tara shi daga teku ba. Ta ce ta sani, Allah ya saka. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake zuwa tunga ba. Alhamis ta zama rana kamar kowace. Ta daina ce mini mijinta, in na kawo labarin lakwal sai ta ce to. Tsintsiyar tana jingine a bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Da damina ta tsaya, zazzaɓi ya kwantar da ita, bai yi wani tsanani ba, amma ba ta yi gardama da shi ba.

Aka kai ta tudu. Ƙasar wurin marmara ce, ja, mai tauri, masu haƙa suna sara, diga tana fitar da wuta. Mutane suna ta yi wa Baba barka da samun wuri mai kyau, suna cewa nan kam har tashin kiyama ba abin da zai taɓa ta. Na tsaya a bayansu ina jin haushin kowa. Daga can sama ana hango gulbi, ɗan siriri, da nisa. Da baƙin ruwan shekarar ya janye, filin nan da ta share ya rufta shi ma, ba kowa a ciki. Baffa ne ya kawo labari, Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Da ni ne, abin da ya yi zan yi.

Yau inda tungarmu take tsakiyar gulbi ne, jirage masu inji suna bi ta kai. An yi gada, kamyo, manyan motocin kaya, suna ƙetarawa dare da rana, Dahome ta canza suna, giginya ta zama sai ka yi tafiya kafin ka ga jeri. Jikokina suna karanta abubuwan da Mushe bai taɓa ji ba, wai manyan ƙasashen duniya da kansu suna tafiya a kan narkakken dutse, a hankali kamar tsiron farce. Ni abin da aiki ya koya mini bai kai haka girma ba, amma ya fi damuna. Ba tudun da yake zaune. Kowace damina ruwan sama yana ɓantarar ƙwaya ɗaya, ƙwaya biyu daga kowane tsauni, yana gangarawa da su, kuma duk abin da ya gangara a ƙasar nan gulbi yake nufa.

Gari ya girma ya hau tudun, an sare itatuwan da ke kansa, sai wani kwari ya tsage daga gefen tsohuwar maƙabarta ya miƙe har bakin gulbi. Shekarun baya ya riƙa matsowa ta ɓangaren da Kaka take. In an yi ruwa mai ƙarfi nakan ɗauki lema in je in tsaya, in ga jan ruwa yana fitowa daga gefen maƙabartar yana gudu ƙasa. 'Ya'yana sun ɗauka baƙin ciki ne yake kai ni. Ban gaya musu ba, don ba magana ce da dattijo mai zuwa masallaci zai faɗa ba. Na san abin da liman ya faɗa gaskiya ne. Amma ina tsaye a wurin zuciyata takan ce, ga shi dai Kaka ta kama hanya.

Bara samarin unguwa suka ce ba za su zuba ido ruwa ya kwashe iyayen mutane ba. Suka zo wurina neman shawara, tun da ni ne tsohon ma'aikacin ruwa. Na nuna musu inda za su jera duwatsu cikin ragar waya, na ce kada su taɓa ko ciyawa ɗaya, su ƙara shuka itatuwa a bakin kwarin. Na ba su jikokina biyu suka yi dakon dutse. Aikin ya yi kyau, bana ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga maƙabartar ba, kowa yana sa musu albarka, ni ma na sa. Daidai suka yi. Amma ranar da suka ɗora dutsen ƙarshe na dawo gida, aka kawo mini tuwo, na kasa ci.